Na Buɗe wa Ƙanena Rajista a Gidan Uwarsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar arba'in ɗin mahaifiyarmu ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙari. Malamin makaranta kan ji kunya a gaban ɗalibai, ya koma gida ya ci tuwo, ta wuce. Tawa kunyar a gaban dangi na ji ta, da malamai, da maƙwabta, da lasifika biyu da ni da kaina na yi hayarsu, na kuma tsaya a kan mai su sai da ya ƙara musu murya don na bayan layi su ji da kyau.

Bari in fara gabatar muku da mai laifin. Shekara ashirin da shida ke nan ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Tamale. A gidanmu na unguwar Kukuo ni ne "wanda ya yi karatu". Takardar asibiti, takardar fili, wasiƙar da aka aiko wa maƙwabci daga kotu, duk a hannuna suke ƙarewa. Ina da tabarau da nake saukewa kan hanci in zan karanta abu, ina kuma da wani ɗan tari da nake yi kafin in yanke hukunci (matata ta ce tarin ya fi hukuncin firgita mutane). Ba wanda ya taɓa tambayata inda na samo abin da nake faɗa. Ni ma, a gaskiya, na daɗe da daina tambayar kaina.

Ƙanena Inusa shi ne autanmu. Shekararsa goma sha bakwai a Italiya, yana aiki a masana'antar tayil, da mata da 'ya'ya biyu a can. Har fasfo suka ba shi, ja wur, ya haɗa da namu na Gana ya zama yana da biyu. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Mma, mahaifiyarmu, mako bai zagayo ba sai ga shi da 'yar jakarsa a ƙofar gida. Wurin aikinsa sun ba shi hutu ba albashi, suka ce in ya so ya kai shekara. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba: ba abin da ke kiransa can.

Jinyar Mma mun raba ta yadda ya dace da matsayin kowa. Ni nakan zo daga gidana a unguwar Vittin a kan babur da safe kafin makaranta, in tsaya a bakin ƙofa in tambayi yadda aka kwana, in karanta takardar magani da ƙarfi kamar mai ba da shifta. Shi kuwa yana juya ta a kan gado, yana shafa mata man kaɗanya a ƙafar da ta mutu, yana ba ta koko da cokali yana hura mata. Wanka kawai yake bar wa mata. Bakinta ya karkace, magana tana fita da ƙyar, amma in ta ce "Auta" kowa a gidan yana ji sarai.

Wata rana ya bar jan fasfon nan a kan tebur, idona ya faɗa kansa, sai wani ilimi ya motsa a cikina. Shekarun baya an kawo mana wani malamin lissafi ɗan Indiya a makarantarmu, ni aka sa in riƙa yi masa zirga-zirgar takardu. A nan na ji cewa duk wanda ya yi kwana ɗari da tamanin da uku a ƙasar nan cikin wata goma sha biyu, a wurin masu haraji ya zama mazaunin ƙasa, kuma mazaunin ƙasa ana tambayarsa abin da yake samu ko a ina ne. Na ɗauko waya na nemo dokar, na ga layin nan ɓaro-ɓaro, na yi tari. Layi ɗaya na karanta. Na samansa da na ƙasansa na bar wa masu lokaci.

Na kira Inusa gindin dalbejiyar tsakar gida.

"Inusa, ka san kwananka nawa a ƙasar nan?"

"Ban ƙirga ba, Yaya. Wata biyu da wani abu."

"To ka fara ƙirgawa."

Na zayyana masa. Doka ta ba ni ƙashi, ni na sa masa nama da kitse daga aljihuna. Na ce ranar da ya cika kwanakin nan, albashinsa na can, da ɗan abin da yake tara wa 'ya'yansa, da gidan da suke biya a hankali, duk za su shiga bakin hukuma. Ban san inda na samo gidan ba. Ya dai zo mini a baki, ya kuma yi daɗin faɗa.

"Amma Yaya, ai can ma suna cire nasu tun kafin albashi ya zo hannuna."

"Wannan tsakaninka da Turawa ne. Gana ba ta ci a wancan kwanon ba."

Ya juya ya kalli ɗakin Mma. Can ya ce, "To mu tambayi Anti Esi mana, ga ta nan kusa."

Anti Esi maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. 'Yar kudu ce daga bakin teku, Kirista, aiki ya kawo ta Tamale tun muna samari, ta yi shekaru a ofishin haraji har ta yi ritaya, ta ƙi komawa garinsu. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinta, amma ita da Mma sun fi shekara ashirin suna hira ta kan katanga ba a taɓa neman tafinta ba. Tun da Mma ta kwanta, kowace safiya sai ta shigo ta riƙe mata hannu. Kowace safiya ina yi mata hanya a bakin ƙofa ta wuce.

Na ce, "Ka taɓa ganin akuya ta je wurin kura neman fatawa?"

"Ai ta yi ritaya, Yaya."

"Ma'aikacin haraji ba ya ritaya, kujera kawai yake canzawa. Kada ka kuskura ta ji."

Wannan shi ne dalilin da na faɗa. Dalilin da ban faɗa ba shi ne, in aka je wurin Anti Esi, an nuna ke nan akwai abin da ba ni ne na fi kowa saninsa a layinmu ba.

Inusa bai yi gardama ba. Tun yana yaro haka yake, kafin ya sayi takalmi sai ya ce, "Yaya, me ka gani?" Har daga Italiya yakan kira ya tambaye ni haka, a kan abubuwan da ban taɓa gani da idona ba, ni kuma ban taɓa rasa amsa ba.

Washegari na zo da sabuwar rajista daga makaranta, irin wadda muke kiran sunan ɗalibai da ita. Na rubuta suna ɗaya tak a ciki. Na duba hatimin filin jirgi a fasfonsa na cike kwanakin baya, daga nan kuma kowace safiya in na iso sai in ja ɗan karan nan na "ya zo". A gefen kowane shafi akwai gurbin ƙarin bayani, malami kuwa ba ya iya ganin gurbi a buɗe ya ƙyale, don haka nakan rubuta ɗan abin da na tarar. Ba don wani tunani ba, don kada shafi ya yi tsirara.

Mma ta daɗe tana kallon littafin kafin ta tanka. Wata safiya ta nuna shi da hannunta mai lafiya.

"Na mene ne?"

"Na kwanakin Inusa ne, Mma. Akwai iyakar da hukuma ta sa wa baƙi."

"Baƙi," ta maimaita, kalmar tana karkacewa a bakinta. Ta huta, ta tattaro numfashi. "Wata tara na ɗauke shi, ban rubuta ko ɗaya ba."

Na yi dariya irin ta masu ilimi, na ce zamani ne ya canza. Ta rufe ido. Na ɗauka ta yi barci, har na juya zan fita, sai na ji ta ce, "Kana ƙirga nasa. Wa ke ƙirga nawa?"

Da a littafi na karanta wannan maganar, da na ja mata layi da jan biro na sa ɗalibai su yi sharhi a kanta. Da yake daga bakin uwata ta fito, sai na ce mata ta daina irin wannan magana, likita ya ce tana samun sauƙi.

Na yanke cewa zai tafi ranar kwana na ɗari da tamanin, a bar uku a gefe saboda tsaro, yadda nake koya wa yara su bar gefen takarda. Na ce in wata shida suka wuce sai ya dawo a buɗe sabon shafi. Maƙwabta da dangi kuma aka ce musu wurin aiki ne suka kira shi. Ni na tsara wannan ƙaryar, na kuma ji daɗin yadda ta zauna daidai.

Ranar tafiyar ya durƙusa a gaban gadonta ya kasa tashi. Mai adaidaita yana ta danna ƙaho a waje. Ya ce, "Mma, in kin ce in zauna, wallahi zan zauna, su ɗauki abin da za su ɗauka."

Ta dube shi, ta dube ni ina tsaye da rajista a hammata. Ta ɗora masa hannu a ka.

"Je ka, Auta. 'Ya'yanka. Yayanka ya yi karatu."

Daga ranar, kowace safiya in na shigo tambayarta ɗaya ce: "Saura nawa ya dawo?" Matar da ba ta taɓa ƙirga kwanan ɗa ba, ni na koya mata lissafi a kan gadon ciwo. Sau goma sha ɗaya ta yi mini wannan tambayar. A rana ta goma sha ɗaya, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa. Kafin magariba an rufe ta. Inusa ya bi jana'izar uwarsa ta waya, wani ɗan'uwanmu yana riƙe da ita sama da kawunan mutane, hoton yana ɗaukewa yana dawowa.

Kun san garinmu. Ba a gama sadakar uku ba magana ta fara yawo, cewa autan Mma ya ga jinya ta yi tsawo ya gudu, ya zaɓi Turai a kan uwa. Ina ji, ina kuma ƙuna, amma irin ƙunar wanda ake zagin aikinsa mai kyau don mutane ba su gane shi ba. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa ni ne na yi kuskure ba. Abin da na sa a gaba shi ne ranar arba'in in wanke ƙanena a bainar jama'a, in kuma nuna musu amfanin karatu.

Ya iso ana gobe addu'a, ya rame, ya gaishe ni a taƙaice. Na buɗe rajista na ja kara: ɗari da tamanin da ɗaya. Na ce masa gobe ɗari da tamanin da biyu ke nan, don haka da an shafa fatiha sai ya kama hanya, na riga na yi magana da direban da zai tsallaka da shi iyaka ta Paga ya kwana a Burkina kafin a san abin yi. Ya ce, "To, Yaya." Ban taɓa jin "to" mai nauyin wannan ba, amma na ɗauka gajiyar jirgi ce.

Da hantsi aka cika. Rumfuna uku a ƙofar gida, kujerun roba har bakin titi, malamai a kan tabarmi suna sauke Alƙur'ani, mata a ciki suna ta fama da tukwanen shinkafa da masa. Anti Esi tana gefen mata da zanenta baƙi da fari irin na makokin mutanen kudu, ta aro mayafi ta rufe kai. Inusa yana zagayawa yana gaida manya, har ya iso gaban Kawu Danjuma, ƙanin Mma, tsohon mahauci wanda harshensa ya fi wuƙarsa kaifi.

Kawu bai miƙa hannu ba. Ya ce, yadda rumfa biyu za su ji, "A'a, Bature! Sannu da zuwa. An gama ruwa, ka zo mana da laima."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi gyaran murya. Inusa ya tsaya a durƙushe bai ɗago ba. Ni kuwa na ce a raina, lokaci ya yi.

Ni ne mai jawabin godiya a madadin iyali (wa kuma zai yi?). Na karɓi makirfo, na gode wa malamai, na gode wa na nesa da na kusa, sannan na sauke tabarau kan hanci, na yi tarin nan. Lasifika ta kai shi har bayan layi.

Na ce, "Jama'a, akwai maganar da ke yawo a kan ƙanena, yau zan kashe ta. Ba aiki ne ya kira Inusa ba, ba kuma son Turai ya tafi da shi ba. Doka ce." Na ɗaga rajista sama kamar mai nuna shaida a kotu. Na yi musu bayanin kwana ɗari da tamanin da uku, da misalai, da maimaici don na baya. Na ce ni na gano dokar, ni na ƙirga kwanakin, ni na ce lallai ya tafi, shi har kuka ya yi. Na ce da ba a sami mai karatu a gidan ba, da yanzu 'ya'yansa suna kan titi. Wallahi na faɗi wannan. Akwai mutum sama da ɗari da za su ba da shaida.

Na ga kawuna suna gyaɗawa, sai daɗi ya ɗebe ni. Malami in darasi ya yi masa kyau ba ya sanin inda ake tsayawa. Na tuna cewa yanzu ba abin tsoro, tunda bai cika kwanakin ba, kura ba ta da abin kamawa. Na ce, "Kada ku ce daga kaina na ƙago. Ga Anti Esi nan, a ofishin haraji ta tsufa. Anti, taso ki gaya musu."

Ba ta taso ba. Ta ɗaga hannu daga inda take ta ce, "Ticha, wannan magana ba na nan ba ne. Gobe ka zo gida, mu zamna."

Duk mai hankali ya gane abin da wannan ke nufi. Mace ta buɗe mini ƙofar baya ta ce bi nan ka tsira. Ni kuwa na ja wayar makirfo na ratsa tsakanin kujeru har gabanta, na kara mata shi a baki kamar ɗan jarida.

"A'a, Anti, gaskiya ba ta jiran gobe. Faɗa musu."

Ta ture shi da bayan hannu, na mayar. Ta rage murya don ni kaɗai in ji, ba ta san irin kuɗin da na biya mai lasifika ba.

"Inusa ya yar da fasfo na Gana?"

"A'a, yana da biyu."

"To shi ba baƙo ba ne, Ticha. Wannan lissafi na kwana, don baƙi muke yi. Ɗan ƙasa, tambaya nashi daban, yana nan sama da wanda ka karanta. Ba ka gani ba?"

Na ce, "Amma dai in ya zama mazauni..."

"Mazauni ba laifi ba ne, ba tara ba ne. Wata shida da ya yi nan, ya karɓi albashi?"

"A'a."

"To mi za mu yanka? Wanda ya samu can kuma, ya biya can. Gana da Italiya suna da yarjejeniya, ba a feɗe rago ɗaya sau biyu. Gida nashi, ajiya nashi, wa ya ce maka muna taɓawa? Ko shekara ya zamna, iyaka ya je ofis a duba, ya cika takarda. Ni da kaina da na raka shi."

Har mata masu kwasar shinkafa sun tsaya da ludayi a hannu. Anti Esi ta dube ni, ta dubi Inusa can a tsaye, sai na ga abin ya iso mata, fuskarta ta canza.

"Tsaya. Don wannan ne ya tafi? Ba aiki ba?" "Mma ya san dalili?"

Na ce, "Ta sani."

Ta ɗora hannu biyu a ka, ta kira sunan Allah da yarensu. "Awurade! Ticha, kullum safe ina wuce ka a ƙofa. Kullum! Mi ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Shekara ashirin da shida ina yi wa yara tambayar da ba su da amsarta, ina kallonsu suna neman taimako a rufin aji. Ranar na gane abin da suke nema a can. Na tsaya da makirfo a hannun dama, rajista a hagu, tabarau a kan hanci, kamar gunkin da aka kafa don tunawa da wauta. Mai lasifika ya matso ya ce a hankali, "Ticha, in kashe?" Wannan ma sai da ya fita ta lasifikar.

Kawu Danjuma ya tashi da sandarsa. Na shirya, na ce yau zai feɗe ni, kuma na cancanta. Ya wuce ni kamar bai ga mutum ba, ya je gaban Inusa, ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ɗana, ka yafe ni." Ni ko kallo ban samu ba. Ban taɓa kwaɗayin zagi irin na ranar ba.

Liman, Allah ya saka masa, ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha. Ana cikin shafawa sai ga mota ta tsaya a bakin rumfa, direba ya leƙo ta taga ya ɗaga murya: "Salamu alaikum! Ina mai zuwa Paga?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Ban ga laifinsa ba.

Bayan la'asar, an kwashe kujeru, na shiga ɗakin Mma don in ɓuya, sai na tarar da Inusa zaune a bakin gadonta. Na fara haɗa jawabin neman gafara, mai gabatarwa da gundari da kammalawa, ya katse ni.

"Ba ni littafin, Yaya."

Na miƙa masa, na ɗauka zai yaga shi ko ya jefa a murhu, na kuma shirya taya shi. Sai ya buɗe, ya sa yatsa a gurbin nan na gefe, yana karantawa a hankali. Kwana na saba'in da huɗu, Mma ta ci tuwo loma biyar daga hannun Inusa. Kwana na casa'in, ya fito da ita gindin dalbejiya, ta sha iska. Kwana na ɗari da goma sha biyu, ya kwaikwayi yadda Turawa ke ciniki, Mma ta yi dariya har ta ƙware. Na manta ma na rubuta su. Shi yana karantawa yana share ido da gefen riga, wani wurin har ya yi murmushi.

Ya kai shafin ƙarshe da na cike, ya juya. Gidaje goma sha ɗaya a jere, daga tafiyarsa zuwa rasuwar Mma, ba komai a ciki. Ya daɗe yana kallonsu.

"Yaya, in ɗalibi bai zo ba, me kuke sawa?"

"Sifili."

"In kuma malam ne ya kore shi fa?"

Na ce babu alamar wannan a rajista. Ya gyaɗa kai, ya rufe littafin, ya sa a jakarsa. Bai ƙara cewa komai a kai ba, daga ranar har yau.

Ya ƙara wata biyu a Tamale, yana zuwa makabarta kowace Juma'a. Anti Esi ta raka shi ofis wata safiya, suka dawo kafin azahar da ƙullin gyaɗa a hannu. Ba wanda ya zo neman gidansa ko ajiyar 'ya'yansa. Ranar da zai koma na roƙe shi gafara ba tare da jawabi ba, ya ce ya yafe, kwanan Mma ne ya ƙare, kuma na yarda da gaske yake. Yana kirana kowane mako, yana tambayar yara, yana ce mini Yaya kamar da. Abu ɗaya ne kawai ya ɓace daga bakinsa. Shekara biyu ke nan ban ji "me ka gani?" ba. Na ji a wurin matarsa cewa sun canza gida, sun canza wa babbar 'yarsu makaranta. Sun yi daidai da ba su tambaye ni ba.

Har yanzu mutanen layinmu suna kawo mini takardu, don tabarau yana nan kuma ba su da wani. Ina karanta musu daga layin farko har na ƙarshe, da ƙananan rubutun da ke gindi, sannan in ce, "Tashi mu leƙa wurin Anti Esi," ko wurin duk wanda abin ya zama aikinsa. Tarin ne na daina. A saman allon ajina akwai karin maganar da na rubuta da fenti tun shekarar da na fara aiki, wai matambayi ba ya ɓata. Na sa ɗalibai sun fi dubu sun kwafe ta a littafi, na kuma rage wa wasu maki don sun manta ƙugiyar ɓ. Ashe duk ajin ni kaɗai ne nake tsaye na juya mata baya.